Blue Pill ɗina ya daina magana da SIM800L tun da na koma USART2, don Allah a taimaka

Mai_Kyankyasa: Slm 'yan uwa barkanmu da dare. Don Allah masana ku zo ku cece ni, yau kwana uku kenan ina fama wlh har bacci ya fara gagarata. Aikin na kawuna ne, yana da injin ƙyanƙyasar ƙwai a bayan gida, to matsalarsa in aka ɗauke wuta cikin dare ba ya sani sai da asuba ya je ya tarar injin ya yi sanyi, wancan zubin kusan rabin ƙwan bai fashe ba, mutumin nan har abinci ya kasa ci ranar. Shi ne na ce bari in haɗa masa abin da zai tura masa tes a waya da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri 37. Ina amfani da ƙaramin allon kwamfuta STM32F103C8T6 wato Blue Pill, da SIM800L ƙaramin jan modul ɗin nan da ake sa wa layin waya ya tura tes. Da farko a USART1 na haɗa (USART shi ne ɓangaren da allon yake magana da wata na'ura ta cikinsa), ƙafafun PA9 da PA10, in na tura umarnin gwaji AT yana ba ni OK lafiya lau. Sai na ga ina buƙatar USART1 ɗin don in riƙa ganin abin da ke faruwa a laftof, na mayar da SIM ɗin USART2, PA2 da PA3. Tun daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kod ɗin ma ba ya wucewa, yana maƙalewa a inda yake jiran TXE, alamar da ke cewa a turo harafi na gaba. Ba HAL nake yi ba, wato kod ɗin da kamfanin ST ya riga ya rubuta, rajista nake rubutawa kai tsaye don haka malaminmu ya ce mu koya. Ga abin da na rubuta

RCC->APB2ENR |= (1<<2) | (1<<17);
GPIOA->CRH = 0x444444B4;
USART2->BRR = 0x1D4C;
USART2->CR1 = (1<<13) | (1<<3) | (1<<2);

Arduino_Kawai: Ka duba ko ka juya waya, TX (mai turawa) na wannan RX (mai karɓa) na wancan yake zuwa. Kuma ka haɗa GND ɗinsu. Amma ni tambayata me ya kai ka STM32 a kan ɗan wannan aikin? Da Arduino Nano ka ɗauka da SoftwareSerial da tuni kawu yana shan shayi yana karanta tes ɗinsa

Mai_Kyankyasa: Oga na juya wayar nan ya fi sau goma, GND kuma a haɗe yake na auna da mita tana ƙara. Blue Pill ɗin shi nake da shi a hannu, kuma shi za a duba mana a makaranta

Baba_Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanina ka bar wayoyin nan su huta, ba su yi maka laifin komai ba. Ka ce kod yana maƙalewa a TXE ko? To wannan kaɗai ya gaya maka ba maganar waya ba ce, domin ko ka cire SIM800L ɗin gaba ɗaya ka jefa shi aljihu, USART mai rai zai tura harafinsa cikin iska ya ɗaga TXE ya wuce, bai damu da ko akwai mai saurare ba. Naka bai farka ba ne sam.

A STM32 kowane ɓangare a kashe yake zuwa, ba ya samun bugun agogo sai ka buɗe masa da hannunka a RCC, ɓangaren da ke raba agogo. Kuma layin ba ɗaya ba ne, kamar unguwa ce mai fida biyu. USART1 da su GPIOA da AFIO suna kan APB2. USART2 da USART3 suna kan APB1. Kai ka gano lambar daidai, 17 ce, amma ka je ka kunna ta a APB2ENR, ka tafi transifomar wata unguwa kana jan fis kana mamakin gidanku bai kawo wuta ba. Muddin ɓangare ba shi da agogo duk abin da ka rubuta a rajistarsa bai zauna ba, in ka karanta kuma sifili za ka gani, shi ya sa SR ɗinka, rajistar da TXE take ciki, yake sifili har abada kake ta jira. Ka rubuta

RCC->APB2ENR |= (1<<2);
RCC->APB1ENR |= (1<<17);

kuma wannan ya zo KAFIN ka taɓa BRR mai saita gudun magana da CR1 mai kunna USART ɗin.

Dan_Farm_Centre: Sannan ƙafafun ma bai saita su ba ai. CRH na ƙafa 8 zuwa 15 ne, har yanzu PA9 yake saitawa. PA2 da PA3 a CRL suke. Ka saka GPIOA->CRL |= 0x4B00 shikenan

Yar_Lantarki: Dan Farm Centre ka yi daidai a CRL amma layin da ka ba shi zai jefa shi wani ramin. CRL ba sifili yake tashi da shi ba, 0x44444444 ne bayan risat. In ka yi OR na B a kan 4 ba B za ka samu ba, F ne. 0100 da 1011 ka haɗa ka gani, 1111. B shi ne ƙafar ta riƙa tura sama ta ja ƙasa da kanta, F kuwa ja ƙasa kawai take iyawa, ba ta iya ɗaga layin sama sai an sa mata resista daga waje. Sai ka ga kod yana gudu, TXE yana ɗagawa, amma a kan wayar ba abin kirki da ke fita. Ni wannan abin ya taɓa cinye min asabar guda cur. A share tukunna

GPIOA->CRL &= ~0xFF00;
GPIOA->CRL |= 0x4B00;

B ɗin na PA2 ne mai turawa, 4 ɗin na PA3 mai karɓa.

Dan_Farm_Centre: Gaskiya ne Anti, na yi gaggawa. Mu masu solda lissafin nan ba ya zama mana sai mun ɗauko takarda 😂

Mai_Kyankyasa: Allahu akbar, ya wuce! Baba Injiniya Allah ya ƙara girma, Anti ngd sosai. Yanzu ba ya maƙalewa. Amma fa har yanzu babu OK, na tura AT shiru, wani lokacin in na kashe SIM ɗin na kunna sai wasu haruffa marasa kan gado su fito kamar rubutun aljanu. Na cire SIM ɗin na haɗa PA2 da PA3 da waya ɗaya, duk abin da na tura yana dawo min daidai, kenan USART ɗin lafiyarsa ƙalau ko? Anya ban ƙona SIM800L ɗin ba garin juye-juyen waya

Arduino_Kawai: Ya ƙone. Abubuwan nan ba su da ƙwari, ka sayi wani kawai

Yar_Lantarki: Kai Arduino komai a wajenka ya ƙone. Abin da ya ƙone yana turo haruffa? Mai ƙyanƙyasa gwajin da ka yi mai kyau ne amma abu ɗaya ba zai taɓa nuna maka ba, gudun maganar. Mai turawa da mai karɓa duk agogo ɗaya suke sha, in sun yi kuskure tare suke yi, kamar mutum ne yana magana da kansa dole ya fahimci kansa. Ina ka samo 0x1D4C?

Mai_Kyankyasa: A kod ɗin USART1 ne Anti, shi ne na gudun 9600

Yar_Lantarki: Shi ne na 9600 A KAN APB2. Lambar ita kaɗai ba ta da ma'ana sai ka san agogon da ake rabawa. 0x1D4C dai 7500 ne. Kiristal ɗin Blue Pill 8MHz ne, PLL ya ninka sau 9 ya zama 72MHz, APB2 yana shan 72 ɗin gaba ɗaya, 72,000,000 raba 7500 ya ba ka 9600. Amma APB1 ba a yarda ya wuce 36MHz ba, don haka ana raba masa biyu. 36,000,000 raba 7500 nawa kenan? 4800. Kana yi wa SIM ɗin magana da rabin gudu. Abin da kake so 3750 ne, wato 0xEA6. Kuma don Allah ka daina kwafo lambar hex, ka rubuta BRR = 36000000/9600 ka bar kwamfaila ya yi lissafin, ko bayan wata shida ka dawo za ka gane abin da kake nufi.

Baba_Injiniya: Malama ta gama magana. Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. SIM800L daga kamfani yana zuwa ne da gane gudu da kansa, in ka tura masa AT da 4800 zai kama 4800 ya amsa maka da shi, da ma ba za ka taɓa sanin ka yi kuskure ba. Ƙanina faɗi gaskiya, ka taɓa ba shi AT+IPR?

Mai_Kyankyasa: 🙈 Eh Baba, ranar farko da na gwada shi da USB-TTL, abin da ke jona shi da laftof, na ga wani ya ce a saka AT+IPR=9600 sannan AT&W, na saka na manta

Baba_Injiniya: To ka ga inda gizo ke saƙar. Ka ɗaure shi a 9600 ka zo kana yi masa 4800. Ba laifi ba ne fa, ni ma ɗaurewa nake yi a duk aikin da zai bar hannuna, domin sai an ɗaure yake turo RDY da +CFUN: 1 da Call Ready da SMS Ready in ya tashi, su ne rubutun aljanun da kake gani. Gyara BRR za ka karanta su da idonka.

Mai_Kyankyasa: OK YA FITO!!! wlh har ihu na yi ƙanwata ta leƙo ta ɗauka shokin ne ya ja ni

Injiniyan_Kaduna: Barka. Amma bari in faɗi abin da ke raina tun ɗazu ko da za a ji haushi. Kurakurai uku yaron nan ya yi, agogon APB1, CRL, da BRR, kuma duka ukun da CubeMX ya buɗe ya danna USART2 ya rubuta 9600 da ba ɗaya da zai same shi. Minti biyar. Kwana uku ya ɓata a kan abin da kamfanin ST da kansu suka yi manhaja kyauta don kar a ɓata lokaci a kai. A wajen aiki ba wanda zai biya ka kuɗin haddace cewa 17 ce lambar USART2. Malaman nan suna wahalar da yara ne kawai saboda su haka aka wahalar da su

Baba_Injiniya: Injiniya ban ƙi taka ba, ni ma in aikin kuɗi ne CubeMX nake buɗewa, tsufa ya zo ido ba ya son ƙananan lambobi. Amma ka tuna ranar da HAL ɗin zai ƙi, wa zai gyara? Wanda bai taɓa sanin akwai APB1 da APB2 ba in ya ga shara a layi sai ya ce modul ya ƙone ya tafi kasuwa, kamar yadda wani ya ba da shawara a sama ban kama suna ba. Yaron nan yanzu har ya mutu ba zai manta USART2 rabin gudu yake sha ba. Kwana uku ba tsada.

Arduino_Kawai: Baba ai ka kama suna 😭

Injiniyan_Kaduna: Baba shafin agogo na CubeMX ai zane ne, yana nuna maka HSE, wato agogon kiristal na waje, ya shiga PLL ya fito ya rabu APB1 36 APB2 72, in ka wuce iyaka ya yi ja. Wannan ya fi koyarwa a kan a ba yaro manuwal ɗin RM0008 mai shafi sama da dubu a ce ya nemo. Ni cewa nake a fara da zanen, in ya gane sai ya leƙa ƙarƙashi

Yar_Lantarki: Ku biyun kuna da gaskiya amma ni na fi karkata wajen Baba kaɗan, saboda abin da nake gani a wajen ɗalibai. Suna danna Generate, ya yi aiki, ba sa sake buɗe fayil ɗin msp su ga me aka rubuta musu. Ranar da aka ce su mayar da USART1 zuwa PB6 da PB7 sai ido ya raina fata, ba su san akwai AFIO da shi ma sai an ba shi agogonsa kafin canjin ƙafa ya kama ba. Abin da nake ce musu, ka bar CubeMX ya rubuta, sannan ka zauna ka karanta layi-layi ka nemo kowanne a manuwal. Kuma wani abin dariya, taimomin da ke kan APB1 ba 36 suke sha ba, in an raba APB1 ana ninka musu biyu su koma 72, to wanda ya haddace "APB1 36 ne" kawai nan ma zai sha ƙasa.

Na_Maradi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku tun farko. Tunda ana zancen agogo bari in kawo tawa. Ni na yi allo nawa da kaina na famfon sola, ban sa kiristal ba don in rage kuɗi da wuri, agogon HSI na cikin STM32 nake amfani da shi 8MHz ba PLL, ina magana da modul a 115200. Cikin ɗaki lafiya lau. Da muka kai shi gona cikin akwatin ƙarfe, watan Afrilu, daga azahar zuwa la'asar sai amsoshin su riƙa zuwa da kuskure, harafi ɗaya biyu su lalace, da dare kuma ya koma daidai. Wutar na auna ba ya motsi. Zafi ne ke ja min agogon ko kuwa?

Dan_Farm_Centre: Ka sauko 9600 mana, gudun ya yi yawa

Yar_Lantarki: Saukowa zai ɗan taimaka amma ba don dalilin da kake zato ba. In agogo ya kauce da kashi 2 cikin 100, to a 9600 ma kashi 2 ne, a 115200 ma kashi 2 ne, ba ya raguwa. Abin da ke raguwa shi ne kuskuren rabawa. 8,000,000 raba 115200 ya ba da 69.4, dole ka saka 69, ka ga tun kafin rana ta fito ka riga ka kauce da sama da rabin kashi ɗaya. A 9600 kuwa 833.3 ne ka saka 833, kusan babu asara. HSI ba kiristal ba ne, RC ne wato resista da kapasita, kamfani sun saita shi kusan kashi 1 a digiri 25, in zafi ya yi yawa ko sanyi yana iya kaiwa kashi 2 ko ya ɗan wuce. UART kuma gaba ɗaya abin da yake iya haƙuri da shi tsakanin ɓangarorin biyu bai kai kashi 4 ba. To ka tara, na rabawa, na zafi, da na shi modul ɗin, ga doguwar waya in akwai, kana bakin rami. Malam na Maraɗi ka sa kiristal da kapasitocinsa guda biyu a allo na gaba, kuɗinsa bai kai na zuwa gonar sau ɗaya a babur ba.

Na_Maradi: Na gode Malama, Allah shi saka. Wanda ke gona zan sauke shi 9600 in yi wa akwatin rumfa kafin in sake wani

Baba_Injiniya: Ƙarin bayani ga masu Blue Pill, kar ku ɗauka don akwai kiristal a allon shikenan kuna kan 72. Na sha ganin allon da kiristal ɗin bai tashi ba, ko solda ko shi kansa, kod ɗin farawa ya jira ya gaji ya ci gaba da HSI bai gaya wa kowa ba. Kana lissafi da 72 alhali kana kan 8. Hanya mai sauƙi, ka sa fitilar PC13 ta riƙa ƙiftawa duk sakan ɗaya, in ka ga tana ɗaukar sakan tara ka san inda kake. Ko ka karanta RCC->CFGR ka duba SWS, in 10 ne PLL ne, in 00 ne HSI. Mai osiloskop kuma ya fitar da agogon ta PA8 ya gani da idonsa.

Mai_Kyankyasa: Jama'a na dawo 😩 AT yana OK, ATE0 yana OK, AT+CPIN? ya ce READY. Amma fitilar SIM ɗin tana ƙiftawa duk sakan ɗaya, ta yi kamar sau bakwai takwas sai ta ɗauke, sai in ga RDY ya sake fitowa, haka yake ta yi. AT+CREG? mai nuna ko ya hau sabis yana ba ni 0,2. Ko wani agogon ne kuma ban kunna ba

Dan_Farm_Centre: A'a wannan kam fagena ne, ba kod ba ne wuta ce. Da me kake ba shi wuta?

Mai_Kyankyasa: Daga 5V na Blue Pill ɗin, na sa dayod 1N4007 a tsakani ya rage, na auna 4.3 yake bayarwa. Blue Pill ɗin kuma daga USB na laftof

Dan_Farm_Centre: Hhhh na sani. Ƙanina SIM800L waya ce fa guda, irin 'yar Nokia mai tocila da aka cire wa allo da madannai. Yana son bolt 3.4 zuwa 4.4, kuma lokacin da yake kiran eriyar kamfani yana iya fizgar har amfiya 2 a ɗan ƙiftawa. USB na laftof rabin amfiya aka yi shi ya bayar, dayod ɗinka na amfiya 1 ne, ga siraran wayoyin jamfa ɗin nan da cikinsu bai fi gashi uku ba. AT ba ya cin komai shi ya sa yake amsa maka, amma da ya buɗe baki zai nemi sabis sai wutar ta faɗi ya mutu ya sake tashi, shi ne RDY ɗin da kake ta gani. Mu a shago in waya tana mutuwa daidai lokacin da kira zai shiga batir muke fara dubawa

Mai_Kyankyasa: Amma oga na bar mita a kai ban ga ya sauka ba, 4.3 zuwa 4.2 kawai

Baba_Injiniya: Mita ba za ta gani ba. GSM ba ya turawa a jere, yana harbawa ne na mikrosakan 577 a cikin kowane milisakan 4.6, kusan sau 217 a sakan. Shi ne ƙarar "dit-dirit-dirit" da rediyo ke yi in waya na kusa kira zai shigo. Mitarka sau biyu ko uku take karantawa a sakan, kafin ta waiwayo an gama. In ka lura da kyau wataƙila ka ga ya rubuto UNDER-VOLTAGE kafin ya mutu.

Yar_Lantarki: Ni tsaya ma in tambaye ka, abin nan ba don in an ɗauke wuta ya tura tes kake yinsa ba? To in an ɗauke wutar shi wa zai ba shi? 😂

Mai_Kyankyasa: Innalillahi. Anti wlh ban kawo wannan a raina ba, na ce sai na gama in sa masa cajar waya

Arduino_Kawai: 😂😂😂 kawu zai samu tes in wuta ta dawo cewa ɗazu an ɗauke

Dan_Farm_Centre: Ka ga tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ka samo batir 18650 mai kyau, ba irin mai nauyin takarda da aka rubuta wa dubu tara a jiki ba, na tsohon batirin laftof ma ya fi su. Cikakke 4.2 ne, daidai cikin abin da SIM ɗin yake so, ka kai masa kai tsaye da waya mai kauri gajeriya, ka yi solda kar ka yi jamfa. Ka sa kapasita 1000uF daf da ƙafar VCC da GND na modul ɗin, ba can nesa ba. TP4056 ya riƙa cajin batirin in akwai wuta. Blue Pill ɗin kuma kar ka kuskura ka sa masa 4.2 a ƙafar 3.3, iyakarsa 3.6 ne, ka bi ta regileta. GND duka a haɗe wuri ɗaya

Injiniyan_Kaduna: Tunda za ka ɗauko solda ka gyara layin TX ma. Ƙafafun SIM800L na bolt 2.8 ne, kai kana tura masa 3.3. Resista 1k a jere daga PA2, sannan 5.6k daga RX na modul zuwa GND, 3.3 sau 5.6 raba 6.6 ya ba ka 2.8 cif. Ta ɗaya ɓangaren ba ka buƙatar komai, STM32 yana karanta 2.8 a matsayin sama ba matsala

Arduino_Kawai: Ni fa kai tsaye nake haɗawa har da Uno mai 5V kuma bai taɓa ƙonewa ba

Injiniyan_Kaduna: Ɗazu kai ka ce ba su da ƙwari. Yanzu mun gane dalili

Baba_Injiniya: A bar Arduino ya huta haka. Amma ƙanina ka sa resistocin, abin da zai kwana yana aiki kwana 21 ba tsayawa ba irin gwajin tebur ba ne. Kuma ka sani PA2 da PA3 ba sa jure 5V kamar PA9 da PA10, in wata rana ka sake jona USB-TTL ka duba jamfarsa tana kan 3.3.

Mai_Kyankyasa: Barkanmu da yamma. Na je kasuwa na samo komai, na yi yadda kuka ce. Alhamdulillah ya daina mutuwa, AT+CBC yana nuna 4.1, AT+CSQ ya ba ni 18. Amma CREG yanzu 0,3 yake cewa ba 0,2 ba

Yar_Lantarki: Ci gaba ne ai. 2 yana nema ne, 3 ya samu an kore shi. 18 sabis ne mai kyau, ma'aunin daga 0 zuwa 31 ne. Wane layi ka sa?

Mai_Kyankyasa: Wani tsohon layina ne da na tsinto a durowa, ya fi shekara ban sa shi a waya ba

Dan_Farm_Centre: To ai shikenan. Ko an rufe shi don an daɗe ba a yi amfani da shi ba ko ba a haɗa shi da NIN ba. Kullum kafin ka sa layi a modul ka sa shi a ƙaramar waya ka kira wani ka tura tes, ka tabbatar akwai kati a ciki kuma ba PIN. Cire na wayarka ka gwada yanzu mu gani

Injiniyan_Kaduna: Kuma ka riƙe a ranka SIM800L 2G kaɗai ya sani. A nan har yanzu akwai shi ko'ina saboda masu ƙananan wayoyi, amma ƙasashe irin su Singafo tun 2017 suka kashe nasu. Na kawu ba damuwa, amma in ka fara tunanin sayarwa masu kaji da yawa ka duba A7670 ko SIM7600 masu 4G, umarnin AT ɗin na tes kusan iri ɗaya ne

Mai_Kyankyasa: 0,1!!! Fitilar ta koma ƙiftawa duk sakan uku. Na sa AT+CMGF=1, na sa AT+CMGS da lambar kawu, alamar > ta fito na rubuta saƙon amma ya tsaya nan bai tafi ba

Baba_Injiniya: Ka rufe da 0x1A, wato 26, harafi ɗaya tak ba rubuta "Ctrl+Z" za ka yi ba. Kuma ka jira +CMGS ya dawo kafin ka tura wani abu, yana iya ɗaukar sakanni.

Mai_Kyankyasa: Ya tafi. Kawu ya kira ni yanzu yana tambaya wane ne ya turo masa "GWAJI ZAFI YA SAUKA" da lambata, har ya saka takalmi zai fita bayan gida. Gobe zan je in yi rajistar sabon layi in haɗa sensan zafin. Baba tambaya ta ƙarshe, in ina so shi ma kawu ya turo tes ya tambayi zafin nawa ne yanzu, a while zan zauna ina jiran RXNE, alamar cewa harafi ya shigo, ko yaya ake yi, don na gwada karanta amsar CSQ wasu haruffan suna ɓacewa in ina rubutu a USART1

Yar_Lantarki: Suna ɓacewa don rajistar karɓa harafi ɗaya take riƙewa, a 9600 kusan duk milisakan ɗaya wani yana shigowa, kai kuma kana can kana hira da laftof. Intarof za ka kunna, wato ya riƙa katse kod ɗin duk sanda harafi ya shigo, RXNEIE a CR1 da USART2 a NVIC, ka riƙa zubawa a bafa, wurin tara haruffan. Amma wannan wani karatun ne

Admin: Mai ƙyanƙyasa buɗe sabon zare a kan intarof ɗin don masu nema su same shi, wannan ya yi tsawo. Ka sa hoton haɗin da ka yi a nan kafin in rufe, har da inda ka sa kapasitan.